Ramukan da Dogo Ya Shafe

Gajere ne. Gara a fara da wannan, kada wanda ya ji ana cewa Baba Dogo ya shigo layin yana ɗaga kai sama yana nemansa. In ya tsaya kusa da matarsa, kunnensa ne daidai kafaɗarta. Sunan daga tsaninsa ya fito, wani tsanin katako mai tsawon tsiya da ya saya tun yana saurayi, shekarar da ya gama koyon fenti. Abokansa suka ce in aka haɗa shi da tsanin babu wanda ya kai shi tsawo, sai sunan ya bi shi har tsufa. Da fari ya yi fushi, daga baya ya rubuta shi da jan fenti a jikin tsanin.

A harkar fenti Allah ya ba shi abu guda da ba kowa ke da shi ba. Ya iya haɗa launi. Ba sabon launi ba, wannan kowane almubazzari da ya buɗe gwangwani zai iya. Tsohon launi yake haɗawa. In bangonka ya tsage, ka kira shi, zai zauna ya yi ta kallon bangon kamar suna hira, ya ɗiga wannan, ya ɗiga wancan, ya zuba ɗan toka ko ƙasa a bokitin, ya shafa. In ya bushe, kai mai gidan sai ka rantse ba a taɓa wurin ba. Akwai waɗanda suka yi gardamar biyansa saboda sun rasa inda ya yi aikin.

Amma wanda ya ba shi idon launi bai ba shi idon miƙa layi ba. Duk abin da Dogo ya ja da hannunsa, sai ya ɗan karkace. Wannan kuwa babu wanda ya sani kamar matarsa, wadda ta yi rayuwarta a kan keken ɗinki, wadda kan hango karkatacciyar kalmasa a rigar mutum tun yana bakin layi. Alƙaliya yake kiranta, don ya ce tun da ya aure ta bai taɓa cin shari'a ba. Ita kuma ta ce ranar da ya kawo gaskiya zai ci.

A makon ƙarshe na kowace shekara, lokacin da ma'aikata ke hutu, 'ya'yan da suka yi nisa suke dawowa gida, mutanen layin kan rataya fitilu. Igiyoyi ne na ƙananan ƙwayaye masu launi, a ja su daga bangon wannan gefe zuwa na wancan, tun daga shagon Mai Aski har ƙarshen layin. Wa zai hau ya ɗaura, in ba mai tsani ba? Shekara talatin da ɗoriya Dogo ke hawa, ƙusoshi a baki, guduma a ɗamara. Wutar kuwa, a nan sai mai ba da labari ya yi ƙasa da murya: wani lokaci daga gidan wani ake jawo ta, wani lokaci daga falwaya, yadda dai ta samu.

Alƙaliya kuma sai ta fito da kujerarta ƙofar gida ta zauna, ta harɗe hannu.

"Maigida, ya sunkuya ta hagu."

"Idonki ne ya sunkuya."

"Ɗaga ƙusar. A'a, ka wuce. Sauke. Kai, wannan mutum, da a ɗinki ne da tuni mai kaya ya karɓe yadinsa."

Haka za a yi ta yi, mutanen layi suna dariya. Kowace shekara sai ta sa ya canza wurin ƙusa, shi kuma ba ya cire ta bara, wai wata rana za a neme ta. Da tafiya ta yi tafiya, saman bangayen layin ya cika da ƙusoshi masu tsatsa, kowace da ɗan jan layin da ruwan sama ya zubo ƙarƙashinta. In an kunna fitilun da yamma, sai ya sauko yana haki ya tsaya kusa da ita, ya ce, "To, yaya?" Ita kuma ta ce, "Ba laifi, in ban da wancan." Kullum akwai wancan. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa ya yi kyau ba, shi ma kuma da ta faɗa da bai ji daɗi ba.

Bara ne ya lura. Ya tambaye ta yaya, ta daɗe tana kallon sama kafin ta samo wancan ɗin. Kafin nan ma ta fara kiran jikoki su zura mata zare a allura, sannan ta rufe keken ɗinkin da tsohon zane ta ce bayanta ke ciwo. Da shi da 'yarsu suka kai ta asibiti, likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce ke mutuwa a hankali. Magani zai rage mata gudu, ba zai tsayar da ita ba. Ya ce haske mai ƙarfi a cikin duhu shi ne abin da zai daɗe mata, amma kada su sa rai da baɗi.

A hanyar dawowa ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "To, bana sai ka yi ƙoƙari ka miƙe su, ko sau ɗaya in gani." Ya ce mata ai kullum a miƙe suke. Daga nan ya juya kai wajen tagar mota. Tun ranar tsoro ɗaya ya zauna masa a ciki: ya kunna fitilun, ya ce yaya, ta ce sun yi kyau.

Ana saura 'yan makonni a rataya fitilun, sai ga motar ƙaramar hukuma da lasifika a kanta tana yawo unguwa-unguwa. Ta wuce bakin layin da gudunta, iska ta kwashe rabin maganar. Abin da kunnuwa suka kama shi ne: daga bana an hana ɗaura fitilun biki a falwaya, an hana jawo wuta daga gida a tsallaka titi da ita, kuma jami'ai za su zagayo su ga layukan da ke rataya fitilu.

Mai Aski, wanda ya fi kowa kusa da titi kuma ya fi kowa baki, shi ya fassara wa jama'a sauran. Ya bar wani da rabin kai a kujera ya fito da almakashi a hannu.

"Kun dai ji. Zuwa za su yi su ga waɗanda ke yi. Me ya sa za su gani? Don su ba mu lambar yabo? Tara ce, jama'a! Tara da yanke wuta. Ni na san mutanen nan."

Kada a yi wa mutanen layin dariya da yawa. Tun da suke, ba su taɓa ganin wani ya fito daga ofishin nan da takalmi mai ƙyalli ya shigo layinsu don ya ba su wani abu ba. In an zo, to rumfar wani ta shiga titi, ko kwatar wani ta toshe. Sun saba, in an hango hular hukuma, a tura abin da ake da shi ƙarƙashin gado a fito ana murmushi. Don haka shawarar ba ta ɗauki lokaci ba: a ɓoye igiyoyin, a cire ƙusoshin, in jami'ai sun zo a ce ba a san zancen ba. In ƙura ta lafa, makon ya zo, a rataya a hankali kamar kullum.

Dogo ya fi kowa amincewa. In aka kwashe igiyoyin, me zai kunna wa Alƙaliya? Ya ɗauko tsani, ya bi bangayen ɗaya bayan ɗaya, ya zare ƙusoshin shekara da shekaru har suka cika bokiti. Ya toshe kowane rami da siminti, ya goge tsatsar, ya zauna ya haɗa wa kowane bango tsohon launinsa. Na Mai Aski shuɗi ne da rana ta cinye, na mai kanti ruwan ƙasa ne da hayaƙin janareta ya dafa. Bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Da ya gama, shi kansa sai da ya ja da baya ya yi wa kansa kirari a zuci.

Jami'ar da ta zo yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ba, da hular rana da jaka a kafaɗa. Ta yi sallama, ta gaida manya yadda ya kamata, ta ce an gaya mata layin nan na cikin masu rataya fitilu a ƙarshen shekara.

"Mu?" in ji Mai Aski, ya dafe ƙirji. "Ranki ya daɗe, mu da ƙwan ɗakinmu ma sai mun yi shawara muke kunnawa?"

"Baba, in kuna yi ku faɗa mini. Ba kama kowa za a yi ba. Abin da ya sa nake tambaya..."

Nan fa aka kalli juna. Ba kama kowa za a yi ba, ai da wannan ake fara kama mutum. Kafin ta ƙarasa, mai kanti ya ce shi tun da ya zo layin bai ga fitila ba, matarsa ta ce wataƙila layin baya ake nufi, wata tsohuwa ta ce su da wuri suke kwanciya. Jami'ar ta ɗaga kai ta bi bangayen da kallo, gefe da gefe. Sumul, ko ramin ƙusa ɗaya babu.

"An ce akwai wani dattijo mai dogon tsani da ke ɗaurawa."

"Allah sarki," in ji Mai Aski, bai ko ƙifta ido ba. "Ai ya rasu. Allah ya ji ƙansa."

Dogo na tsaye kusa da shi, da ɗigon fenti a gira. Jama'a suka ce amin. Shi ma, da ya ga ido na kansa, ya ce amin.

Ta yi musu ta'aziyya, ta tafi. Ranar an yi dariya a shagon Mai Aski har wani ya ƙware. Kowa ya shigo sai ya gaida Dogo da marigayi.

Dariyar ba ta yi kwana da yawa ba. Wata safiya Dogo na dawowa daga sayen burushi, ya ga cincirindo a layin baya. Wata babbar mota ce mai kwando, irin wadda ke ɗaga mutum sama, ma'aikata biyu sanye da hulunan kwano suna kafa ƙarafan rataya a saman bangaye. A gindin falwaya an kafa ɗan akwatin ƙarfe mai makulli. Ga kwalaye a buɗe cike da sababbin igiyoyin fitilu. Ya tambayi wani mai gyaran babur ko nawa aka ci su tara.

"Wace tara, Baba? Kyauta ce. Duk layin da ya saba ratayawa, hukuma ce za ta kafa masa ƙarafa, ta ba shi wuta ta hanya mai kyau, ta rataya masa. Bara ba ka ji motar kaya ta ja waya a wata unguwa ta faɗo kan mai talla ba? Shi ya sa. Ku ba a zo muku ba?"

"Waɗanda kuma ba su saba ba fa?"

"Sai baɗi, in kaya sun ƙaru. Kuma wanda ya rataya da kansa, za a zo a datse, a yanke wutar gidan da ya bayar. Wannan kam da gaske suke."

Sai baɗi. Dogo ya nemi dakalin wani ya zauna da burushinsa a hannu. Da hannunsa ya shafe fitilun matarsa, kuma ya shafe su da kyau.

Bai gaya mata ba. Ya shiga gida ya ce kansa ke ciwo, ya tura kwanon abinci gefe. Amma gidan da mata ke shigowa gaisuwa ba ya riƙe labari. Da la'asar tana zaune a tsakar gida tana laluben bakin wani zane da yatsu, ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Na ji an ce ka rasu."

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba:

"Ba a gaya mini ba, da na fara takaba. Maigida, kai da girmanka, Mai Aski ya ja ka a hanci? Mutumin da ko gashin kansa bai iya tsayarwa ba?"

"Don ke na yi," ya ce. "Na ji tsoron su kwashe."

Ta ajiye zanen. Sannan ta miƙo hannu, ta lalubo gwiwarsa, ta ɗan buga.

"Na sani. To zaman me kake yi? Abin da ka rufe da hannunka, ba ka iya buɗe shi?"

Washegari ya sa rigarsa ta fita unguwa, wadda babu fenti a jikinta sai kaɗan, ya tafi ofishin. Ɗaki ne mai dogon benci da fanka mai kuka, kwalayen fitilu jibge a lungu, kowane da sunan layinsa. Ya jira har aka kira shi. Jami'ar ta ɗago kai, ta dube shi, ta sake dubansa.

"Baba, kamar na san fuskar nan."

"'Yata, ni ne mai tsanin."

"Wanda ya rasu?"

"Shi."

Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Shi kuwa kunya ta sa ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ya gaya mata komai, bai rage ba: ƙusoshin, simintin, fentin, har amin ɗin da ya yi wa kansa. Da ta gama dariya, fuskarta ta canza.

"Baba, matsalar ita ce ba ku kaɗai ba ne. Tun da aka ga motar, layuka nawa suka zo suna rantsuwa sun shekara hamsin suna ratayawa, alhali ko ƙwai ɗaya ba su taɓa ɗaurawa ba. Kayan ba za su ishi kowa ba. Ni kuma na riga na gaya wa shugabana na je layinku da ƙafata, na duba bangayen da idona, babu alama. In na koma na ce akwai, zai ce me na gani?"

"Igiyoyin suna ƙarƙashin gadona."

"Kowa zai iya aro igiya, Baba. Ku yi haƙuri zuwa baɗi. Zan sa ku a gaba, na yi alkawari."

Bai so ya faɗa ba. Alƙaliya ba mace ba ce da za a kai lalurarta ofis a nemi tausayi da ita, in ta ji sai ta ci masa mutunci. Amma ya ga ƙofa na rufewa.

"Matata ba ta da baɗi," ya ce. "Ba mutuwa ba, Allah ya tsare. Idonta ne. Likita ya ce bana ce ta ƙarshe da za ta ga haske. Ba kyauta na zo nema ba, 'yata. Ki zo ki sake duba bangon, ni zan nuna miki abin da za ki gaya wa shugabanki."

Ta dube shi, ta dubi kwalayen da ke lungu. Ta ce gobe da hantsi za ta biyo, amma ba ta yi alkawarin komai ba.

Kafin ta iso, duk layin ya fito. Mai Aski ya yi laushi kamar tsumman da aka jiƙa, sai gaishe ta yake yana ƙarawa. Dogo ya jingina tsani a bangon shagon, ya soke makankari a ɗamara, ya fara hawa. Jami'ar ta ce a riƙe masa tsanin, maza huɗu suka rufa a kai.

Ba ya buƙatar nema, hannunsa ya san wuraren. Ya kai makankarin kan shuɗin nan da ya ɓata yini yana haɗawa, ya ja. Fentin ya zubo, ga ɗigon siminti sabo fil a tsakiyar tsohon bango, ga ragowar tsatsa kewaye da shi. Ya kankare na gaba, da na gaba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɓoye tabo, yau shi ke tone shi a gaban jama'a, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.

"Kankare duka!" in ji Mai Aski daga ƙasa. "In ka ga dama ka rushe shagon!"

"Nawa ma, Baba Dogo," in ji mai kanti. "Nawa ya fi yawan ramuka."

Aka matsa da tsanin bango zuwa bango. Jami'ar na biye tana ɗaukar hoto da wayarta. Can ta tsaya a gaban gidan Dogo, inda ya kankare wuri mai faɗi, ta ja da baya tana kallo. Ramukan ba a layi ɗaya suke ba. Na farko suna can ƙarƙashin rufi, daga nan suka yi ta gangarowa, sahu bayan sahu, har na ƙarshe suka tsaya ɗan sama da taga.

"Baba, me ya sa suke saukowa?"

Shi ma bai taɓa lura ba sai yanzu da ya gan su a jere. Ya tsaya a tsakiyar tsanin yana kallo.

"Na sama, lokacin ina hawa har ƙarshen tsanin ne," ya ce a hankali. "Daga baya gwiwa ta fara magana."

"Na ƙasan nan, in motar kaya ta shigo, da igiyar za ta tafi. Ka ga abin da ya sa aka yi dokar?"

"Na gani, 'yata."

"To sauko haka nan, don Allah, kada maganar Mai Aski ta tabbata a gabana."

Ta tafi da hotunan. Kwanakin da suka biyo baya, layin ya zauna da bangaye masu dabbare-dabbare kamar mai ƙyanda, babu wanda ya ce a gyara. Dogo ba ya cin abincin kirki. Ko ƙarar babbar mota ya ji a titi sai ya leƙa. Makon ya matso, layin baya har sun gwada nasu, hasken na faɗowa ta saman rufi. Alƙaliya ba ta tambaye shi komai ba, wannan kuwa ya fi tambayar nauyi.

Ana gobe makon zai fara, da rana tsaka, motar mai kwando ta karyo kwanar shagon Mai Aski. Dogo na zaune a ƙofar gida. Ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa.

Ma'aikatan ba su bar shi ya taɓa tsani ba, dokar ta hana. Suna da abin awonsu, suna kafa ƙarfe a nan, su auna, su kafa ɗan'uwansa a can, igiya ta miƙe kamar an ja ta da zare. Ya yi ta bin su a ƙasa hannu a baya, ba shi da aikin yi a karo na farko. Da suka zo gidansa, igiya ta ƙarshe, sai abin awon ya zame daga kwandon ya faɗa kwata. Ma'aikacin da ke sama ya leƙo.

"Baba, kai ne tsohon hannu. Duba mana daga nan, ya yi daidai da na can?"

Dogo ya koma tsakiyar titi, daidai inda kujerar Alƙaliya ke kallo, ya rufe ido ɗaya.

"Ɗaga kaɗan. A'a, ka wuce. Sauke. Sauke dai. Yawwa, nan."

"Ka tabbata, Baba?"

"Yaro, shekara talatin ina wannan aikin."

Da rana ta faɗi, ya fito da kujerarta da kansa, ya kamo hannunta ya zaunar da ita. Layin ya cika, 'ya'yan da suka dawo hutu da nasu 'ya'yan, kowa ya ɗaga kai. Ma'aikacin ya buɗe akwatin ƙarfen ya taɓa wani abu. Fitilun suka kama gaba ɗaya, tun daga shagon Mai Aski har ƙarshen layin, suka haske bangayen da duk tabonsu. Jama'a suka sa ihu da tafi.

Dogo bai kalli sama ba. Fuskarta yake kallo. Ta ɗaga kai, idanunta a buɗe, tana juya su a hankali daga wannan gefe zuwa wancan.

"To," ya ce da ƙyar, "yaya?"

Ya fara addu'a a zuci, kada ta ce sun yi kyau, ya Allah kada ta ce sun yi kyau.

"Maigida, wa ya ɗaura waɗannan?"

"Ni mana. Wa ke ɗaurawa?"

"Ji ƙarya, da furfurarka. Waɗannan a miƙe suke, ɗaya bayan ɗaya. Kai ko a mafarki ba ka taɓa miƙe igiya haka ba."

Dariya ta ƙwace masa, ta haɗu da wani abu mai kama da kuka, ya durƙusa kusa da kujerar. Tana gani. Bana dai tana gani.

Ita kuwa ba ta gama shari'arta ba. Ta ƙanƙance ido, ta ɗaga yatsa sama, daidai saman tagarsu.

"In ban da wancan," ta ce. "Ya sunkuya ta hagu." Ta sauke hannun, ta lalubo kansa, ta bar shi a nan. "Wancan ne naka."